Mai Shela a Ƙuryar Duniya

 Yau za mu yi nisan kiwo har ƙuryar duniya, can inda rana ke fitowa sau ɗaya a shekara ta kuma faɗi sau ɗaya, inda babu gona, babu kasuwa, babu inuwar bishiya, sai farar ƙanƙara iya ganin ido. Akwai mutanen da ke ɗaukar ƙafa su shiga wannan wuri su kaɗai, su shafe wata biyu suna jan kayansu, in Allah ya dawo da su lafiya su ce sun yi ne don farkar da duniya game da sauyin yanayi. To, wannan wahala tana da amfani kuwa, ko neman suna ne aka yafa wa rigar kishin muhalli? Matsayin wannan sharhi shi ne, irin wannan matafiyi mai shela ne. Shi kuwa mai shela da saƙon da ya isar ake auna shi. Idan jama'a suka watse suna tattauna saƙon, ya yi aikinsa. Idan suka watse suna yabon zaƙin gangarsa, to ya ɓata wa wanda ya aiko shi lokaci.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance ƙuryoyin biyu, domin ba ɗaya suke ba. Ƙuryar Arewa, wato yankin Aktik, teku ce mai zurfin kusan mita 4,000 a tsakiyarta, an lulluɓe ta da ɓawon ƙanƙara mai kaurin 'yan mitoci da ke yawo a kan ruwa. Ƙuryar Kudu kuwa, Antaktika, nahiya ce sukutum mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 14, ƙanƙarar da ta danne ta kuma kaurinta ya kai kusan kilomita 2 a matsakaici. A can ne, a tashar Vostok ta Rasha, aka auna sanyin digiri 89 ƙasa da sifili a shekarar 1983. Mai tafiya a Kudu yana taka ƙasa mai tabbas, yana fama da hawa da iska mai yanka. Mai tafiya a Arewa kuwa yana taka abin da zai iya tsagewa a ƙarƙashin ƙafarsa a kowane lokaci.

Mutanen da suka shiga waɗannan wurare su kaɗai ba su da yawa, sunayensu kuma sanannu ne. Naomi Uemura ɗan Japan ya isa tsakiyar Ƙuryar Arewa a 1978, karnuka na jan kayansa. Likitan nan ɗan Faransa, Jean-Louis Etienne, ya kai can a 1986 yana jan kayansa da kansa, cikin kwana 63. Erling Kagge ɗan Norwe ya isa Ƙuryar Kudu a farkon 1993 bayan kwana 50, 'yar ƙasarsu Liv Arnesen ta zama mace ta farko da ta yi haka a 1994. A wannan shekarar ce Borge Ousland, shi ma ɗan Norwe, ya taka daga gaɓar Sibiriya zuwa Ƙuryar Arewa cikin kwana 52 ba tare da an kai masa guzuri a hanya ba, sannan tsakanin 1996 da 1997 ya ratsa Antaktika daga wannan gefe zuwa wancan, kilomita 2,845 cikin kwana 64. Felicity Aston 'yar Birtaniya ta ratsa nahiyar ita kaɗai cikin kwana 59, ta kammala a Janairun 2012. Hanyar ba ta da sabo. Henry Worsley, tsohon hafsan sojan Birtaniya, ya yi kwana 71 yana tafe, kafin ya kammala ƙarfinsa ya ƙare, aka ɗauke shi da jirgi, ya rasu a asibiti a Punta Arenas ta ƙasar Cile a Janairun 2016.

Mai sauraro, ka ɗan kwatanta yini ɗaya na wannan mutum. Ya farka cikin ɗan tantin da ba zai iya miƙewa tsaye a ciki ba. Numfashin da ya fitar cikin dare ya daskare a rufin tantin, da ya motsa sai ya riƙa zubo masa a fuska kamar gari. Babu ruwan sha sai ya kunna risho ya narkar da dusar ƙanƙara, aikin da ke cin sa'a ɗaya ko biyu kowace safiya. Abincinsa mai ne da man shanu da busasshen nama, yana ci ninki biyu ko uku na cin mutum a gida, amma kullum ramewa yake yi. Ya naɗe tanti, ya ɗaura katakon sulu a ƙafa, ya ɗaure igiya a ƙugu, ya fara jan akwatin kayansa mai kama da ƙaramin kwalekwale, wanda a farkon tafiya kan haura kilo 100. Idan a Arewa yake, zai tarar da wuraren da faifan ƙanƙara biyu suka yi karo suka tara tsibi kamar rusasshen gini, dole ya haura yana jan kayan a baya. Can gaba kuma sai ƙanƙarar ta rabu, baƙin ruwa ya bayyana kamar kogi, yana fitar da tururi. A 2003, lokacin da Pen Hadow ɗan Birtaniya ya taka shi kaɗai daga gaɓar Kanada zuwa Ƙuryar Arewa cikin kwana 64, idan ya iso irin wannan wuri sai ya sa rigar da ruwa ba ya ratsawa, ya faɗa ciki ya yi iyo, akwatin na biye da shi a kan ruwa. Da dare kuma yana barci, ƙanƙarar da ya kafa tanti a kai tana iya sulalewa da shi baya, ta cinye tafiyar da ya yi da rana.

Abin da ya mai da waɗannan mutane masu shela shi ne hanyar da suke takawa tana narkewa. Tun 1979 taurarin ɗan'adam ke auna faɗin ƙanƙarar tekun Aktik. A shekarun 1980, idan zafin shekara ya gama cin rabonsa a watan Satumba, abin da ke saura kan kai kusan murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumban 2012 abin da ya rage bai wuce miliyan 3.4 ba. Gibin da ke tsakani ya kusa ninki huɗu na faɗin Najeriya, kuma tun daga lokacin ƙanƙarar Satumba ba ta sake kai ko miliyan 6 ba. Tsohuwar ƙanƙara mai kauri da ke shekara da shekaru ba ta narke ba ta ragu ƙwarai, sabuwa marar ƙwari ta maye gurbinta. Dalilin saurin abin a fili yake ga duk wanda ya taɓa sa baƙar riga a rana. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, baƙin ruwa yana shanye shi. Da ƙanƙara ta narke sai ruwa ya ɗau zafi, zafin ya ƙara narkar da wata. Shi ya sa wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna yankin Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya. A 2014 Eric Larsen da Ryan Waters, Amurkawa biyu, suka taka daga gaɓar Kanada zuwa tsakiyar ƙuryar, bayan wannan shekarar kuma kamfanin jiragen da ya saba ɗauko irin waɗannan matafiya ya daina. Tafiyar da Ousland da Hadow suka yi tana neman zama tarihin da ba za a iya maimaitawa ba.

Ga inda amfanin mai shela yake. Alƙaluman da muka karanto yanzu gaskiya ne, amma zuwa gobe da wuya a samu mai sauraro ɗaya cikin goma da zai iya maimaita su. Hoton mutum yana iyo a wurin da ya kamata a ce yana tafiya da ƙafa kuwa, wannan ba ya fita daga rai. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sauyin yanayi masifa ce mai tafiyar hawainiya, ba ta da fuska, ba ta da ranar aukuwa, kuma wurin da ta fi bayyana wuri ne da yawancin 'yan Adam ba za su taɓa zuwa ba har su koma ga Allah. Zuciyar ɗan Adam kuwa an gina ta ne a kan labarin mutum guda, ta ji tsoronsa, ta ji yunwarsa, ta ƙagu ta ji ko ya tsira. Ɗan makaranta da ba zai zauna ya saurari rahoton masana ba zai bi labarin matafiyi kullum, ya tambayi malaminsa me ya sa ƙanƙarar ke tsagewa. Wannan tambaya ita ce ribar tafiyar.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba a kyauta ba idan aka yi watsi da su. Ta farko ita ce, idon mutum ɗaya ba kimiyya ba ne. Wanda ya bi layi guda a shekara guda zai iya cin karo da ruwa don iska ta kaɗa, wani ya bi bayan mako biyu ya tarar da ƙanƙara daram. Wannan gaskiya ne, kuma tarihi ya nuna ilimin da ya sauya duniya daga masu haƙurin zama ya fito. A tashar Halley ta Birtaniya da ke Antaktika, tun ƙarshen shekarun 1950 ake auna iskar ozon, wadda ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Shekara bayan shekara wani yana fita cikin sanyi ya saita na'ura ya rubuta lamba a littafi, babu mai ɗaukar hotonsa. Daga waɗannan lambobi ne Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka gano a 1985 cewa rufin ozon ɗin ya huje, bayan shekara biyu ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta hana sinadaran da ke cinye shi. Haka kuma masu haƙa rami a ƙanƙarar Antaktika suka zaro sanduna masu ɗauke da ƙananan kumfar iska da ta maƙale tun shekaru 800,000. Suka auna suka ga a duk tsawon wannan zamani iskar kabon ba ta haura kashi 300 cikin miliyan ba, yau kuwa ta wuce 420. Babu matafiyin da ya isa ya kawo irin wannan hujja a cikin akwatinsa. Sai dai wannan suka tana faɗa mana matsayin mai shela ne kawai, ba ta kore shi daga fada ba. Mai shela ba shi ke yanke hukunci ba, kuma na kirki a cikinsu sun san haka. Shi kansa Hadow, da ya so tafiyarsa ta zama hujja, a 2009 sai ya koma tare da abokan tafiya biyu, suka yi kwana 73 suna huda ƙanƙara da hannu suna auna kaurinta, suka miƙa sakamakon ga masanan Jami'ar Cambridge. Da aka zo batun awo, ya yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Suka ta biyu ta fi zafi. Ana cewa wane irin mai wa'azin rage hayaƙi ne zai hau jirgi daga Turai zuwa Punta Arenas, ya sake hawa wani zuwa sansanin Union Glacier, wani ƙarami ya sauke shi a mafarin tafiya, wani kuma ya je ya ɗauko shi? Kalmar kaɗaici ma akwai ƙari a cikinta, domin a bayan kowane matafiyi na wannan zamani akwai matuƙin jirgi, da likita, da mai hasashen yanayi, da wayar tauraron ɗan'adam, da kamfanonin da suka zuba kuɗi don a ga tambarinsu a ƙirjin rigarsa. Amsar ita ce, hayaƙin tafiyar mutum ɗaya digo ne idan aka kwatanta da na masana'antu, don haka lissafin bai tsaya a kan hayaƙi ba, ya tsaya a kan abin da aka saya da shi. A nan ne ake rarrabe tsaki da tsakuwa. A ƙarshen 2018 Colin O'Brady Ba'amurke da Louis Rudd ɗan Birtaniya suka ratsa wani sashe na Antaktika, kowa shi kaɗai. Abin da ya biyo baya shi ne doguwar gardama a jaridu kan wane ne ya cancanci a kira na farko, daga ina ya kamata a fara, a ina ya kamata a ƙare, kuma ko sun kai Ousland. Duniya ta yi ta maganar ganga. Idan tafiya ta ƙare a haka, duk abin da mai ita ya ƙudurta a zuciya, ita ƙanƙarar ba ta samu mai magana da yawunta ba.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, kuma dole a karɓe ta hannu biyu. Labarin jarumi shi kaɗai a cikin daji marar kowa yana share masu gida. Yankin Aktik ba kango ba ne, mutanen Inuwit da wasu ƙabilu sun yi dubban shekaru a cikinsa suna farauta a kan ƙanƙara. Roald Amundsen, wanda ya fara isa Ƙuryar Kudu a Disambar 1911, a wajensu ya koyi sa tufafin fata da sarrafa karnuka. Yau su ne ƙanƙarar ke ruftawa da maharbansu, su ne teku ke cinye garuruwansu. A 2016 mutanen ƙauyen Shishmaref da ke Alaska suka kaɗa ƙuri'a a kan su bar tsibirin kakanninsu su ƙaura, saboda ƙanƙarar da ke tare musu igiyar ruwa ta daina zuwa da wuri. A 2005 Sheila Watt-Cloutier, shugabar Inuwit daga Kanada, ta kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka, tana cewa ɗumamar yanayi tauye haƙƙin al'ummarta ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙon da ya zo na wata biyu ya koma ya cika talabijin da fuskarsa, bai ambaci waɗanda suka kwana a wurin tun kaka da kakanni ba, ya ci amanar shelar. Wanda ya samu lasifika saboda bajintarsa sannan ya miƙa ta ga masu gida, shi ne ya san aikinsa.

To akwai shaidar cewa shela ta taɓa haifar da ɗa mai ido? Akwai, ko da yake ba daga tafiyar kaɗaici kai tsaye ba. Tsakanin 1989 da 1990, Etienne, wanda tafiyarsa ta 1986 ta sa duniya ta san sunansa, ya haɗu da Will Steger Ba'amurke suka jagoranci mutum shida daga ƙasashe shida, Amurka da Faransa da Tarayyar Sobiyat da Sin da Japan da Birtaniya. Suka ratsa Antaktika da karnuka, kusan kilomita 6,000 cikin wata bakwai, a daidai lokacin da ake muhawarar buɗe nahiyar ga masu haƙar ma'adinai. Yara a makarantun ƙasashe da dama sun bi labarinsu. A 1991 aka ƙulla yarjejeniyar Madrid da ta haramta haƙar ma'adinai a can. Ba su kaɗai suka jawo haka ba, gwamnatocin Faransa da Ostareliya da ƙungiyoyin muhalli sun yi babban aiki, amma shelarsu ta zo a kan gaɓa kuma tana da buƙata takamaimai. Ɗan Sin da ke cikinsu, Qin Dahe, ya riƙa ɗibar samfurin dusar ƙanƙara a hanya, daga baya ya zama ɗaya daga cikin shugabannin sashen kimiyya na kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi. Faifan ƙanƙarar Larsen kuma, inda suka fara tafiyar, wani ɓangarensa ya wargaje a 1995, wani mai faɗin murabba'in kilomita 3,250 ya bi baya a 2002. Darasin shi ne, cewa a farka kawai ba ta isa ba. Duniya ta daɗe da jin labarin sauyin yanayi, ƙasashe sun amince da yarjejeniyar Paris tun 2015. Shelar da ake buƙata yau ita ce mai faɗin abin da za a yi da wanda ya wajaba ya yi.

Wataƙila wani manomi da ke saurarenmu a Katsina ko Maraɗi ya ce, ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta mai sayar da zoɓo, ina ruwana? Ruwanka na nan, Malam. Ƙanƙarar da ke kan teku ko ta narke ba ta ƙara wa teku tsawo sosai, amma wadda ke kan tudu, ta Girinland da Antaktika, duk abin da ya narke cikin teku yake gangarawa. Ta Girinland kaɗai, da za ta narke duka, teku zai tashi da kusan mita 7. Tun farkon ƙarni na 20 ya riga ya tashi da kusan santimita 20, kuma Legas da garuruwan gaɓa na jin jiki. Sannan daminarmu tana da alaƙa da tekun Atlantika. Masana sun nuna cewa idan arewacin tekun ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudancinsa, gajimaren damina kan ja baya zuwa kudu, kuma hakan na cikin abubuwan da suka jawo farin shekarun 1970 da 1980 wanda dattawanmu ba su manta ba. Abin da ake fargaba shi ne ruwan daɗi da ke kwarara daga Girinland ya raunana igiyar da ke kai ruwan ɗumi arewa. Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 kacal take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kamar yadda Inuwit ba su ne suka hura wutar da ke narkar da gidansu ba. Gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta, namu kuma ya fara ɗumi.

Saboda haka, masu sauraro, duk ranar da kuka ji a labarai cewa wane ya ratsa ƙanƙara shi kaɗai don wayar da kan duniya, kada ku yi saurin tafi, kada kuma ku yi saurin tsaki. Ku jinjina wa juriyarsa, domin kwana sittin cikin sanyin digiri 40 ƙasa da sifili ba wasan yara ba ne. Sannan ku kasa kunne ku ji abin da zai faɗa idan an miƙa masa lasifika. Ku ji ko zai tura ku ga awon masana, ko zai ambaci maharbin Inuwit da mutanen Shishmaref, ko zai kira sunan matakin da yake so gwamnatoci da kamfanoni su ɗauka, har da waɗanda suka biya kuɗin tafiyarsa. In ya yi haka, yatsun da sanyi ya ci ba su tafi a banza ba. In kuwa ya gama magana ba ku ji komai ba sai nauyin akwatinsa da yawan kwanakinsa, to makaɗi ne ya zo ya burge ku ya wuce, saƙon yana nan a kan ƙanƙara yana jiran mai ɗauka, ita kuma ƙanƙarar ba jira take yi ba.